An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Shari'ar Hattie McDaniel

A daren 29 ga Fabrairu, 1940, a otal ɗin Ambassador da ke Los Angeles, aka kira sunan Hattie McDaniel a matsayin wadda ta lashe lambar Oscar ta jaruma mai taimakawa, saboda rawar da ta taka a fim ɗin *Gone with the Wind*. Ita ce baƙar fata ta farko, mace ko namiji, da ta karɓi wannan lamba. Otal ɗin ba ya karɓar baƙaƙen fata a lokacin, sai da furodusan fim ɗin, David O. Selznick, ya nemi alfarma aka bari ta shiga. Da ta shiga kuwa, aka zaunar da ita a wani ƙaramin tebur can jikin bango, nesa da Vivien Leigh da Olivia de Havilland waɗanda suka yi watanni suna aiki tare. Daga wannan tebur ta taso ta karɓi lambarta, kuma can ta koma.

Tun daga wannan dare hukunci biyu ke bin sunanta. Ɓangare ɗaya na cewa ta sayar da mutuncin 'yan'uwanta: ta shafe shekaru ashirin tana fitowa a kuyanga da 'yar aiki, tana ƙawata ƙaryar da ke cewa baƙar mace ba ta da wani farin ciki da ya wuce hidimar gidan farar fata. Ɗaya ɓangaren, wato Hollywood kanta, ya mai da ita tutar alfahari, ana ɗaga hotonta duk shekara a ce ga shaida, tun 1940 aka buɗe ƙofa. Duka hukuncin biyu na son zuciya ne. Na farko ya ɗora wa ma'aikaciya laifin masu masana'anta. Na biyu yana wanke masu masana'antar da gumin matar da suka hana wa kabari a maƙabartarsu.

Wace ce ita kafin kyamara

An haifi Hattie McDaniel a Wichita ta jihar Kansas a 1893, auta cikin 'ya'ya 13. Mahaifinta da mahaifiyarta duk a cikin bauta aka haife su. Uban, Henry McDaniel, ya yi yaƙin basasar Amurka a rundunar baƙaƙen fata ta ɓangaren Arewa, wato ya ɗauki bindiga a kan tsarin da daga baya 'yarsa za ta fito a fim tana yi wa hidima. Iyalin suka koma jihar Colorado, ta tashi a birnin Denver, kuma tun tana ƙuruciya take waƙa da barkwanci a dandamali tare da 'yan'uwanta.

Wanda bai san ta ba sai da ɗankwalin Mammy zai yi mamakin jin cewa mawaƙiya ce mai rubuta waƙoƙinta da kanta. A tsakiyar shekarun 1920 ta yi waƙa a gidan rediyon KOA na Denver tare da ƙungiyar kiɗa ta George Morrison, sannan ta naɗi faya-fayai a Chicago wa kamfanonin Okeh da Paramount. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1929, aikin waƙa ya ɗauke, ta tsinci kanta tana gadin makewayin mata a wani gidan rawa mai suna Club Madrid kusa da Milwaukee. A can ma muryarta ta fito da ita, har aka ba ta dandamali. A 1931 ta isa Los Angeles, inda yayanta Sam da yayarta Etta suka riga ta sauka. Ta sami gurbi a wani shirin rediyo na tashar KNX, amma albashin bai isa ciyar da mutum ba, don haka ta riƙa haɗawa da aikatau na gaske a gidajen mutane.

Wannan tarihi yana da nauyi a cikin shari'ar. Matar da ake zargi da rashin sanin ciwon 'yar aiki ta yi aikatau da hannunta kafin ta kwaikwayi mai aikatau. Ta san bambancin wanke tukunya a gaban kyamara da wanke ta a bayan gida, sani na wanda ya ɗanɗana.

Wa ya haifi Mammy?

Siffar da ake tuhumarta da yaɗawa ta girme ta. A shekarar da aka haife ta, 1893, wani kamfanin garin fulawa ya kai wata tsohuwar baiwa mai suna Nancy Green babban bajekolin Chicago don ta fito a matsayin Aunt Jemima, kuyanga mai fara'a da ke soya wa jama'a wainar fulawa. Wannan suna ya zauna a kan kwalayen abinci a Amurka har 2021. A 1923 Majalisar Dattawan Amurka ta amince da ƙudirin gina mutum-mutumin tunawa da kuyangin Kudu masu biyayya a birnin Washington, bisa roƙon ƙungiyar matan da ke raya tarihin ɓangaren Kudu. Sai da ƙungiyoyin baƙaƙen mata da jaridunsu suka tashi tsaye kafin ƙudirin ya mutu a Majalisar Wakilai. Mammy ta *Gone with the Wind* kuwa Margaret Mitchell ce ta rubuta ta a littafinta na 1936, kuma miliyoyin mutane sun karanta ta kafin a ɗauki hoto ko ɗaya.

Wannan siffa aiki take yi wa masu ita. Al'ummar da ta yi ƙarni biyu da rabi tana sayar da mutane tana buƙatar labarin da zai kwantar mata da hankali, labarin da ke cewa bayin nan suna son iyayen gijinsu. Hollywood ta tarar da kasuwar wannan labari a buɗe, ta shiga da jarinta.

A kuma duba yadda masana'antar take a lokacin. Manyan kamfanoni biyar, MGM da Paramount da Warner Bros. da 20th Century-Fox da RKO, su ke shirya fim, su ke rarraba shi, kuma su ke da manyan gidajen sinima, har sai da Kotun Ƙoli ta raba su da gidajen bayan hukuncin 1948. Ɗan wasa ma'aikacin kwantiragi ne, abin da aka miƙa masa shi zai karanta. Bette Davis, farar fata mai lambar Oscar, ta gwada bijire wa Warner Bros. a 1936, aka maka ta a kotu a Ingila, ta sha kaye. Dokar tace fina-finai da aka fara aiwatarwa da ƙarfi a 1934 ta haramta nuna soyayya tsakanin baƙi da fari. A jihohin Kudu akwai masu tacewa na gari-gari, irin su Lloyd Binford na Memphis, wanda ya hana nuna fim ɗin *Curley* a 1947 don kawai an ga yara baƙaƙe da farare a aji ɗaya. Kamfani ba ya son asarar kasuwar Kudu, saboda haka tun a teburin rubutu ake yanke abin da Binford zai yanke.

To a cikin wannan sarƙa, daga marubuci zuwa furodusa zuwa mai tacewa zuwa mai gidan sinima, a wane gurbi ne sa hannun Hattie McDaniel yake? Babu ko ɗaya. Fuskarta ce kawai a allo, kuma fuska ta fi sauƙin jifa fiye da ofishin da ba a san ƙofarsa ba.

Hujjar masu suka, da inda ta karkace

Adalci ne a faɗi cewa masu sukar ba mahaukata ba ne. *Gone with the Wind* fim ne da ya yi wa bauta kwalliya, ya nuna gonakin auduga kamar aljannar da baƙin haure suka rusa, ya kuma nuna 'yantattun bayi a matsayin fitina. An ƙaddamar da shi a Atlanta ranar 15 ga Disamba, 1939, kuma dokokin wariya na jihar Jojiya suka sa babu baƙin ɗan wasa ko ɗaya daga cikin fim ɗin da ya halarta, har da McDaniel. A lokacin ana ci gaba da rataye baƙaƙen fata a bainar jama'a ba tare da shari'a ba. Duk mai hankali ya san hoto yana renon tunani, kuma yaron da bai taɓa ganin baƙar mace a allo ba sai da tsintsiya zai girma da wannan ma'auni.

Jagoran masu wannan hujja shi ne Walter White, babban sakataren ƙungiyar NAACP. Ba mutumin rainawa ba ne. Fatarsa fara ce ƙal har ana ɗaukarsa Bature, kuma ya yi amfani da wannan ya shiga garuruwan Kudu yana binciken kisan gilla, yana sa ransa a haɗari. A 1942 ya zo Hollywood tare da Wendell Willkie, tsohon ɗan takarar shugaban ƙasa wanda a lokacin ke shugabantar hukumar 20th Century-Fox, suka zauna da shugabannin kamfanoni, aka yi masu alkawarin gyara.

Kuskuren White yana cikin hanyar da ya bi. Ya ci abinci da masu kamfanoni, amma bai zauna da baƙaƙen 'yan wasan da abincinsu ke kan teburin tattaunawar ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. McDaniel da Clarence Muse da wasunsu sun fito fili sun nuna ɓacin ransu a kan haka. Abin da suka ji tsoro kuwa shi ya faru. Kamfanonin sun fahimci buƙatar ta hanyar da ta fi masu arha: suka rage fitowar kuyangi, ba su rubuta likitoci da malamai a gurbinsu ba. Aikin McDaniel a fim ya yi ta raguwa har ya tsaya a 1949. An rufe ƙofar baya, ta gaba kuma ba a buɗe ba.

Akwai kuma abin da masu sukar ba sa son a taɓo, wato batun aji da launi a cikin baƙaƙen fatar kansu. McDaniel baƙa ce wuluk, mai jiki, wadda ba ta yi jami'a ba. Siffar da shugabannin gwagwarmaya suka fi son a nuna wa duniya ita ce ta Lena Horne, siririya mai hasken fata. McDaniel ta lura da wannan, ta kuma faɗa. Wani ɓangare na kunyar da aka ji game da ita kunya ce ta masu ilimi idan aka tuna masu sana'ar iyayensu mata.

"Ai da ta ƙi"

Wannan ce hujjar ƙarshe ta masu zargi, kuma ita ce ta fi sauƙin faɗa ga wanda ya ƙoshi. Tarihi ya ajiye misalan waɗanda suka ƙi, sai a duba abin da ya same su.

Lena Horne ta sa hannu a kwantiragi da MGM a 1942 bisa fahimtar cewa ba za ta fito a 'yar aiki ba. Kamfanin ya cika alkawari ta hanyarsa: in ban da fina-finan da duk 'yan wasansu baƙaƙe ne, sai a tsayar da ita ta rera waƙa ɗaya wadda ba ta da alaƙa da labarin, domin a iya datse wurin idan fim ya isa Kudu. Da aka zo sake shirya *Show Boat* a 1951, gurbin mace mai jinin baƙi da Horne ta yi burin samu, Ava Gardner aka ba. Horne ta tsira da mutuncinta, amma ba a taɓa barinta ta nuna iya wasanta a shekarun ƙarfinta ba.

Butterfly McQueen, wadda ta fito a Prissy a *Gone with the Wind*, ta gaji da irin waɗannan gurabe ta bar fim a ƙarshen shekarun 1940. Ba a daɗe ba buƙata ta dawo da ita talbijin, a gurbin 'yar aiki kuma. Daga baya ta yi shekaru tana ƙananan ayyukan da ba su da alaƙa da wasa.

Paul Robeson ya fi su duka makami: digirin lauya daga Jami'ar Columbia, muryar da ke cika zauruka a Landan, da suna a Turai. Duk da haka a 1935 ya fito a *Sanders of the River*, fim ɗin Ingila da aka gina labarinsa a Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka, inda ya zama Bosambo, sarkin da ke yi wa jami'in Bature biyayya. Ya shiga da zaton za a girmama al'adun Afirka, da ya ga yadda aka haɗa fim ɗin ya zama waƙar yabon mulkin mallaka, sai ya barranta da shi. A 1942 ya daina fim a Hollywood gaba ɗaya. Robeson ya iya fita saboda yana da wata sana'ar da ke jiransa. Idan mai wannan gata ya faɗa tarko, da wane ma'auni ake auna matar da ta fito daga gadin makewayi?

Ana jingina wa McDaniel wata magana da ta shahara, cewa gara ta karɓi dala 700 a mako tana kwaikwayon 'yar aiki da ta karɓi dala 7 tana aikin da gaske. Masu suka sun ɗauki wannan a matsayin shaidar kwaɗayi. Lissafi ne na gaskiya. A 1940 kusan kashi 60 cikin 100 na baƙaƙen matan da ke aikin albashi a Amurka aikatau suke yi. Dokar fansho ta 1935 da dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938 duk sun tsame 'yan aikin gida daga kariyarsu. A 1935 Ella Baker da Marvel Cooke sun rubuta rahoto a mujallar *The Crisis*, mujallar NAACP ɗin kanta, a kan matan da ke tsayawa a bakin titunan Bronx suna jiran matan gida su zo su yi cinikin guminsu na yini. Wannan ce ɗaya ƙofar da ke buɗe wa McDaniel. Ƙin da ake so ta yi ba zai goge Mammy daga rubutun Selznick ba, domin mata da yawa sun nemi gurbin, ciki har da Louise Beavers. Abin da zai canja kawai shi ne sunan da ke cikin jerin 'yan wasa.

Abin da ta yi da ɗan filin da aka ba ta

Wanda ya zauna ya kalli fina-finanta, maimakon ya tsaya a hotunan talla, zai ga abin da rubutun bai tanada ba. A *Alice Adams* na 1935, iyalin Katharine Hepburn sun ɗauko 'yar aiki ta yini ɗaya don su burge saurayi mai kuɗi. McDaniel ta shigo tana taunar cingam, hularta a karkace, tana ajiye kwanuka da kallon wadda ta gane ƙaryar gidan tun daga bakin ƙofa. Dariyar da ke wurin a kan masu gidan take. A *Gone with the Wind* tana gane makircin Scarlett tun kafin ta buɗe baki, kuma tana faɗa mata gaskiya a fuska. Wurin da ake ganin ya ba ta Oscar shi ne inda take hawa matakala tare da Melanie tana ba da labarin mutuwar ƙaramar yarinya Bonnie da haukan baƙin cikin ubanta. Ba a nuna wa mai kallo abin da ya faru a ɗakin ba, muryarta ce ta ɗauki nauyin duka.

A *In This Our Life* na 1942, wanda John Huston ya ba da umarni, ta fito a Minerva Clay, uwar wani saurayi mai karatun lauya da wata farar mace, Bette Davis, ta ɗora wa laifin kaɗe mutum da mota. A nan babu barkwanci ko kaɗan. Uwa ce da ta san cewa maganar ɗanta ba za ta yi nauyi a gaban 'yan sanda ba. Fim ɗin ya nuna abin da za ta iya da an ba ta rubutu mai rai, ya kuma nuna cewa rashin irinsa zaɓin kamfanoni ne.

A 1947 ta karɓi jagorancin shirin rediyo na *Beulah*. Kafin ita, maza fararen fata ne ke kwaikwayon muryar wannan baƙar 'yar aiki, Marlin Hurt da farko, sannan Bob Corley. Ta zama baƙar mace ta farko da ta jagoranci shiri a babbar kafar rediyo ta ƙasa, kuma ta kafa sharaɗin cewa ba za ta yi gurɓataccen Turancin da ake laƙaba wa baƙaƙe don a yi dariya ba. Da shirin ya koma talbijin a tashar ABC, Ethel Waters ce ta fara, McDaniel ta karɓa a 1951, ta ɗauki kashi shida kacal kafin rashin lafiya ta kwantar da ita.

Babban aikinta kuwa ba a allo yake ba. Da kuɗin nan da ake yi mata gori ta sayi gida a unguwar West Adams Heights ta Los Angeles, wadda ake kira Sugar Hill, inda Louise Beavers da Ethel Waters su ma suka zauna. Takardun filayen unguwar na ɗauke da sharaɗin cewa ba a sayar wa baƙar fata. A 1945 wasu maƙwabta fararen fata suka kai ƙara a kore su. McDaniel na cikin waɗanda suka tara jama'a suka tsaya, lauyansu kuma shi ne Loren Miller. A watan Disamba na shekarar, alƙali Thurmond Clarke ya yi watsi da ƙarar, yana kafa hujja da gyara na 14 na kundin tsarin mulkin Amurka. Shekaru uku bayan haka, a shari'ar Shelley da Kraemer ta 1948, Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi a duk faɗin ƙasar, kuma Miller na cikin lauyoyin da suka yi muhawarar tare da Thurgood Marshall. Matar da aka kira abin kunya ga gwagwarmaya ta sa gidanta da sunanta a ɗaya daga cikin shari'o'in da suka share wa wannan nasara hanya.

Masu ɗaga hotonta

Saura ɓangare na biyu, masu yabo, kuma nasu laifin ya fi girma domin su ke da iko. Oscar ɗin 1940 bai canja komai a gurbin da ake ba ta ba. Bayan lambar ta ci gaba da ɗaura atamfar girki a *Since You Went Away* na 1944 da *Song of the South* na 1946. An ƙiyasta ta fito a fina-finai sama da 300, amma a 'yan sama da 80 kawai aka rubuta sunanta. *Gone with the Wind* ya zama fim mafi kawo kuɗi a zamaninsa, ita kuwa ta mutu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ta rasu ranar 26 ga Oktoba, 1952, sakamakon sankarar mama. Wasiyyarta ita ce a binne ta a maƙabartar Hollywood, inda Rudolph Valentino da Douglas Fairbanks suke kwance. Mai maƙabartar ya ƙi, domin ba a binne baƙi a wurin. Aka kai ta maƙabartar Rosedale. Sai a 1999 sababbin masu wurin suka kafa mata dutsen tunawa, shekaru 47 bayan an mayar da gawarta. Lambar Oscar ɗinta, wadda allo ce ba mutum-mutumi ba kamar yadda ake ba masu taimakawa a lokacin, ta bar wa Jami'ar Howard. Ta ɓace daga wurin shekaru da dama da suka wuce, kuma sai a 2023 hukumar Oscar ta miƙa wa jami'ar madadinta. Unguwar Sugar Hill da ta kare a kotu, an ratsa ta da babbar hanyar mota ta Santa Monica a farkon shekarun 1960. Hoton kan sarki da aka buga mata a 2006 da duk sauran karramawar nan ihu ne bayan hari.

Ƙofar da ake cewa ta buɗe a 1940 kuwa, sai bayan shekaru 24 wani baƙin ɗan wasa, Sidney Poitier, ya lashe Oscar a gasa. Baƙar mace ta biyu a fannin wasan kwaikwayo, Whoopi Goldberg, sai a 1991, bayan shekaru 51. A 2012 Octavia Spencer ta lashe lambar da McDaniel ta lashe, saboda fitowa a 'yar aiki a gidan fararen fata a Kudu, cikin *The Help*. Shekaru 72 tsakani, gurbin bai motsa ba. Babu mai hankalin da zai ce Spencer ta ci amanar kowa. Kowa ya gane cewa tambayar tana kan waɗanda ke zaɓar labarin da za a zuba wa kuɗi da waɗanda ke jefa ƙuri'ar lambar. Wannan ganewa ce aka hana McDaniel tana raye.

A watan Yuni na 2020, lokacin zanga-zangar kisan George Floyd, kamfanin HBO Max ya janye *Gone with the Wind* na ɗan lokaci, sannan ya mayar da shi tare da gabatarwar masaniyar tarihin fim Jacqueline Stewart. A muhawarar da ta biyo baya, masu kare fim ɗin suka yi garkuwa da sunan McDaniel, suna cewa taɓa fim ɗin cin mutuncinta ne. Mutanen da ba su taɓa tambayar inda aka binne ta ba suka zama masu kishinta dare ɗaya. Ana iya cewa fim ɗin ƙarya yake yi game da bauta, a kuma ce matar da ke cikinsa ta yi aiki na gwaninta. Maganganun biyu ba sa karo.

Hukunci

Ba a buƙatar mai da Hattie McDaniel waliyyiya kafin a sallame ta. Ta kare gurabenta fiye da yadda suka cancanta, kuma a rikicinta da White ta faɗi maganganu masu zafi a kan launin fatarsa. Ma'aikaciya ce da ta zaɓi ta rayu da basirarta a cikin tsarin da ba ita ta gina ba, ta faɗaɗa abin da za ta iya faɗaɗawa, ta kashe ribar a inda take da iko. Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar da wasu suka rubuta dokokinta ya san wannan matsayi, ya kuma san cewa mai ba da shawarar ajiye aiki ba shi ke biyan kuɗin haya ba.

Sukar siffar Mammy wajibi ce, jiya da yau. Amma suka tana da adireshi. Selznick ne ya sayi littafin, kamfanoni ne suka tsara gurabe, Binford da ire-irensa ne suka riƙe almakashi, majalisa ce ta tsame 'yan aikatau daga doka, masu kallo kuma su suka biya kuɗin tikiti. Duk wanda ya tsallake wannan jeri ya sauke fushinsa a kan matar da ke teburin jikin bango, ya zaɓi wadda ba za ta iya rama masa ba ne kawai.